Bugun 3D na masana'antu ko sassaƙar ƙarfe: wanne ɗalibin kanikanci zai fara kamawa a Yamai?

Ɗalibin da ya samu bak a fannin kimiyya ko na fasaha, ko wanda ya riga ya shiga sashen kanikanci na makarantar EMIG, wato makarantar ma'adinai da masana'antu da ke Yamai, yakan kai matakin da dole ya tsai da shawara kan aikin da zai ƙware a kai. A ƴan shekarun nan hanyoyi biyu ne suka fi jan hankalin masu sha'awar ƙera kayan inji. Ta farko ita ce sassaƙar ƙarfe, wato aikin injin tur (mai juya ƙarfe wuƙa na rage shi) da ƴan uwansa, har zuwa waɗanda kwamfuta ke sarrafawa da ake kira CNC. Ta biyu ita ce bugun 3D na masana'antu, wanda bidiyoyinsa suka cika wayoyin samari da ƴan mata. A ganina, ga wanda zai nemi abincinsa a cikin Nijar, sassaƙa ce ta cancanci zama sana'ar farko, bugun 3D ya biyo bayanta, ko da yake akwai waɗanda wannan hukunci bai hau kansu ba, kuma za mu zo kansu.

Bambancin ayyukan biyu daga tushe yake. Mai sassaƙar ƙarfe yana ɗaukar dunƙulen da ya fi abin da ake so girma, ya yi ta rage shi da wuƙar inji har siffar ta fito, kamar yadda masassaƙi ke fid da turmi daga gungume, shi kuwa mai bugun 3D aikinsa irin na maginiyar tukunya ne, wadda ke ɗora yumɓu bisa yumɓu daga gindi har baki. Ana zana abin a kwamfuta, wata manhaja ta yanyanka zanen zuwa siraran shimfiɗu, sannan na'ura ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO/ASTM 52900 ta kasa wannan aiki gida 7, amma uku daga ciki ne ɗalibi zai fi cin karo da su: narka zaren roba a zubo shi ta ɗan tsukakken baki, daskarar da ruwan roba da haske, da narka garin roba ko na ƙarfe da hasken leza.

Sana'ar ba sabuwa ba ce kamar yadda ake zato. Chuck Hull ya samu haƙƙin mallakar hanyar daskarar da ruwan roba a Amurka a 1986, ya kafa kamfanin 3D Systems a wannan shekara, sannan a 1989 aka kafa Stratasys a Amurka da EOS a Jamus. Abin da ya sauya al'amarin shi ne aikin RepRap, na ƙaramar na'urar bugu da kowa zai iya haɗawa da kansa, da Adrian Bowyer ya faro a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005, da kuma ƙarewar wa'adin haƙƙin mallakar hanyar narka zaren roba a 2009, domin daga nan ne ƙananan na'urori suka yi arha suka bazu. Daga nan kuma ruɗani ya samo asali. Ƙaramar na'urar da ake samu a kan Yuro 300, wato kimanin jika 197, da injin buga ƙarfe da kan kai Yuro dubu 500, wato wajen sefa miliyan 328, suna amsa suna ɗaya, alhali tazarar da ke tsakanin masu aiki da su ta fi tazarar farashin. Wanda ya iya sauko da zane daga intanet ya buga maƙalin wayar salula bai zama ƙwararren masana'anta ba, kuma babu kamfanin da zai ɗauke shi a wannan matsayi.

Aikin ƙwararren na ainihi kaɗan ne daga cikinsa ke gaban na'ura. Mafi yawansa a gaban kwamfuta yake da kuma ɗakin gwaji. Shi ne zai sake zana abin ta yadda zai bugu, ya zaɓi gefen da za a kwantar da shi a kan faranti, ya sa masa tokare a duk inda ya yi rinjaye, ya daidaita ƙarfin leza da gudunta da kaurin shimfiɗa, wanda a ƙarfe yakan kasance tsakanin milimita 0.02 da 0.06. Dole ya san halin ƙarafan da ake bugawa, irin su baƙin ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316L, da haɗin titaniyam Ti-6Al-4V, da Inconel 718 da ke jure zafin injin jirgin sama, ya kuma san dalilin da ke sa ƙarfen da ya narke ya huce cikin ƙiftawar ido ya riƙa tanƙwarewa ko ya tsage, da yadda ƙananan ramukan da ido ba ya gani ke rage masa ƙarko. Bayan an gama bugu sai gwaje-gwaje da rubuta rahoto, domin a jirgin sama ko a jikin mutum ba a yarda da abin da ba shi da takardar shaida tun daga buhun garin da aka yi shi da shi. Mai son ya ga hannunsa ya yi baƙi da maiko, ya ga abin da ya ƙera ya tayar da injin niƙa kafin azahar, zai iske wannan aiki da sanyi ƙwarai. Mai haƙurin lissafi da bin takardu kuwa zai ji daɗinsa.

Akwai wani abu da bidiyoyin talla ba sa nunawa, kuma shi ne ginshiƙin hujjata. Ƙarfen da ya fito daga injin bugu bai gama zama kayan aiki ba. Yana fitowa ne manne da farantin da aka gina shi a kai, sai an sa shi a tanderu an saki ɗaurin da zafi ya bar masa, sai an yanke shi daga farantin, an ciccire tokaren, sannan a kai shi wurin mai sassaƙa. Fatarsa tana da kaushi, kuma duk wurin da boris zai zauna, ko inda ƙusa mai zare za ta shiga, ko fuskar da za ta haɗu da wata ba tare da yoyo ba, sai injin tur ko CNC ya bi ta kansa, domin ƙwararren mai tur yana iya riƙe awo har zuwa milimita 0.01, abin da bugu shi kaɗai ba ya kaiwa. Saboda haka masana'antar bugun ƙarfe ba ta rayuwa sai da mai sassaƙa, amma shagon mai sassaƙa yana shekara da shekaru bai taɓa buƙatar injin bugu ba. Bugu da ƙari, harshen umarni da ake kira G-code, wanda ƙananan na'urorin bugu ke aiki da shi, daga injinan CNC aka gado shi, kuma zanen kwamfuta ɗaya ne ga ɓangarorin biyu. Wanda ya fara da sassaƙa ya riga ya ci rabin hanyar bugu, wanda kuwa ya fara da bugu bai san yadda wuƙa ke cin ƙarfe ba.

Sai tambayar da kowane mahaifi zai yi idan ɗansa ya zo masa da wannan magana, wato su wane ne masu saye. A duniya, bugun masana'antu ya kafu ne a inda ake buƙatar abu mai sarƙaƙiyar ciki, marar nauyi, wanda ba a yinsa da yawa, kuma mai saye ba ya kukan tsada. Misalin da aka fi ambata shi ne bakin fesa mai na injin jirgin sama samfurin LEAP, wanda kamfanin GE ya mai da shi guda ɗaya bayan da can sai an harhaɗa gutsattsari 20, nauyinsa kuma ya ragu da kashi 25 cikin 100. Kusan duk kwanson na'urar taimaka wa ji da ake sawa cikin kunne yanzu bugawa ake yi, haka ma samfuran haƙora da wasu ƙarafan da ake dasawa a ƙugu ko a kashin baya. A nahiyarmu, kamfanin Thales ya buɗe masana'antar bugun ƙarfe a Kasabalanka ta Maroko a 2017, Afirka ta Kudu kuma tana da cibiyar CRPM a Bloemfontein da ke buga titaniyam don dashen ƙashi, da kuma babban injin buga ƙarfe mai suna Aeroswift. Duk waɗannan sun tsiro ne a gefen masana'antar jiragen sama ko manyan asibitocin tiyata. Ya kamata kuma a sani cewa kasuwar ba ta tafiya yadda aka yi ta kururutawa: kamfanin Shapeways ya durƙushe a 2024, Desktop Metal kuma, wanda ya shiga kasuwar hannayen jari da ƙarfinsa a ƙarshen 2020, ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2025. Fasahar ba ta mutu ba, amma guraben aikin ba su kai yawan da aka yi hasashe ba, ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro ta.

Idan aka dawo gida, masu buƙatar kayan inji sanannu ne: kamfanin gawayi na SONICHAR a Anu Araren, mahaƙar yuraniyam ta SOMAÏR a Arlit, matatar man fetur ta SORAZ da ta fara aiki a 2011 kusa da Damagaram, kamfanin siminti na Malbaza, tashar wuta ta Gorou Banda, sannan dubban manyan motoci, injinan niƙa, injinan ban ruwa, injinan wuta da babura. Abin da ke lalacewa a waɗannan yawancinsa zagayayye ne ko mai sauƙin siffa: sandar da ke juyawa ta cinye, mazaunin boris ya buɗe, zaren ƙusa ya mutu, haƙorin giya ya karye, silinda na son a sake huda ta. Dukkansu aikin tur ne da walda, kuma mai motar da ya tsaya da lodin albasa ba zai jira kwana uku ba. Hujja mafi ƙarfi da masu goyon bayan bugu ke kawowa ita ce ta kayan gyara, kuma ba hujjar banza ba ce. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da a da ke zuwa ta Kwatano sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso, kuma inji kan kwanta makonni saboda ɗan abin da bai cika tafin hannu ba. Kamfanin jirgin ƙasa na Jamus, Deutsche Bahn, ya daɗe yana buga wasu kayan gyaran da aka daina ƙerawa, saboda haka tunanin yana da tushe. Sai dai shi yana da asalin zanen kayansa, yana da ɗakunan gwaji, kuma yana da yawan aikin da zai ciyar da injinan. Kamfanin mai ko na ma'adinai ba zai ɗaura abin da aka buga a kan bututun da ke ɗauke da matsi ba tare da shaidar inganci ba, ɓangaren man fetur ma yana da tasa ƙa'idar ta musamman mai suna API 20S, kuma sau da yawa ɗan abin da ake jira makonni, mai tur zai iya fid da shi daga sandar ƙarfe cikin yini ɗaya.

Yanayin ƙasarmu ma yana da tasa magana, kuma a nan ne tazarar ta fi fitowa fili. Injin buga ƙarfe yakan yi kwana biyu ko uku yana aiki ba tsayawa, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiya, galibi aikin ya lalace ke nan tare da garin da ya narke. Kowa a Yamai ya san halin wuta a watannin Afrilu da Mayu, kuma ba a manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya, wadda a sannan take ba mu kusan kashi 70 cikin 100 na lantarki, ta katse layin har tsawon watanni. Mai tur idan wuta ta ɗauke sai ya janye wuƙarsa ya jira, idan ta dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Injin bugun ƙarfe yana son ɗaki mai sanyi da babu ƙura, a ƙasar da hunturu ke cusa ƙura har cikin akwatin da aka kulle. Yana shan iskar argon ko naitirojin domin kada ƙarfen ya haɗu da iskar da muke shaƙa, kuma garin da yake ci, wanda ƙwayarsa ta fi gashin kai siranta, sai an yo odarsa daga waje an bi ta duwan. Garin alminiyam da na titaniyam suna kama wuta har su fashe, ba a kashe wutarsu da ruwa, shaƙarsu kuma tana cutar da huhu. Idan madubin leza ya samu matsala, mai gyaran yana Turai ko Sin. Ko ƙananan na'urorin roba ba su tsira ba: robar PLA, wadda ta fi arha da sauƙin bugu, tana fara laushi a wajen digiri 60, zafin da cikin motar da aka ajiye a rana ke kaiwa da bazara, don haka duk abin da zai yi aiki a waje sai an koma ga robobin da suka fi jure zafi irin su PETG ko ABS ko ASA, ita kuwa nailan tana tsotsar laimar damina har ta ƙi buguwa da kyau sai an busar da ita.

Maganar jari gajeriya ce. Matashin da ya ƙware a tur yana iya tara kuɗi ko ya haɗa hannu da wani su sayi tsohon inji, wanda in an kula da shi zai yi shekaru masu yawa yana aiki, kuma danyen kayansa, wato sandunan ƙarfe da tsofaffin kayan mota, suna nan a kasuwar Katako ta Yamai. Wanda ya ƙware a bugun ƙarfe ba zai taɓa mallakar injinsa da albashinsa ba, dole ya zama ma'aikacin wani, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ba zan ɓoye aibin sassaƙa ba, domin tana da shi. Injin tur ba ya yafe sakaci: babbar riga, zobe, mayafi ko dogon hannun riga suna iya jan mutum cikin inji, ɓarɓashin ƙarfe mai zafi kuma yana makantarwa, ga shi a shaguna da yawa tabarau na kariya ba ya cikin lissafi. Shekarun koyo suna da tsawo, abin da yaron shago ke samu kuma bai taka kara ya karya ba. Kayan gyara masu arha da ke shigowa daga Sin da Indiya sun cinye wani ɓangare na aikin, domin wani lokaci sabon ya fi gyaran tsohon sauƙi. Injinan da ke yawancin shaguna tsofaffi ne, wanda ya tsaya a kansu kaɗai bai koyi zanen kwamfuta da CNC ba zai iske kansa a baya nan gaba. Shi ma injin CNC yana son tsayayyar wuta da mai gyara, ko da yake bai kai na bugu shagwaɓa ba. Akwai kuma batun daraja, wanda bai kamata a raina ba: wasu iyaye suna ganin ɗan da ya yi karatu mai zurfi bai dace da tsayuwa gaban inji da rigar aiki ba, alhali injiniyan da bai taɓa riƙe ma'auni ya auna ƙarfe ba yakan zana abin da ba ya ƙeruwa. Ga ƴan mata kuwa, ɓangaren zane da shirya umarnin CNC da gwajin inganci ƙofa ce da ba ta buƙatar ƙarfin damtse, kuma wannan ya shafi sana'o'in biyu daidai wa daida.

Yanzu ga inda bugu ke da gaskiya a Nijar, kuma duk a ɓangaren roba yake. Na farko shi ne lafiya. Ƙungiyar Handicap International ta gwada buga takalman gyaran ƙafa ga marasa lafiya a Togo da Mali da Nijar, inda ake ɗaukar siffar ƙafar da na'ura a aika da ita ta intanet a buga a Lome. Jikin kowane mutum daban yake, kuma wannan shi ne ainihin wurin da bugu ya fi kowace hanya, domin na'ura ba ta damu ba ko abu ɗari iri ɗaya za ta yi ko ɗari mabambanta. Haka yake ga samfuran haƙora da likitocin haƙori ke aiki da su. Sai dai mai son wannan hanya ya lura cewa sana'ar tasa ta haɗa ƙafafun roba ce ko ta ƙera haƙora, bugu kayan aiki ne kawai a cikinta, kuma takardar da za a tambaye shi ta fannin lafiya ce.

Na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne alfanu kuma aka fi yin biris da shi, shi ne haɗa bugu da zubi. Masu tukwanen dalma na Katako sun gwanance wajen narka tsohon alminiyam, wanda ke narkewa a digiri 660, su zuba shi a mazubin ƙasa. Abin da ke taƙaita su shi ne samfuri, domin sai da abin kwaikwayo ake danna siffa a cikin ƙasa, kuma yawanci tsohon abin ne suke amfani da shi. Idan tsohon ya karye ko ya cinye, sabon zai gaji aibinsa, sannan alminiyam yana tsukewa da fiye da kashi 1 cikin 100 idan ya huce, don haka duk abin da aka kwafa daga wani yakan fito ƙarami kaɗan. A tukunya wannan ba komai ba ne, amma a murfin famfo ko farfelar injin ban ruwa shi ne bambancin abin da zai zauna da wanda ba zai zauna ba. Matashin da ya iya auna karyayyen abu, ya zana shi a kwamfuta, ya ƙara masa kason tsukewa da ɗan kaurin da za a sassaƙe daga baya, ya ba bangonsa ɗan karkata don ya fita daga ƙasa ba tare da rushe ta ba, sannan ya buga samfurin da ƙaramar na'ura, ya kai wa mai zubi, ya karɓo ya gyara fuskokinsa a tur, ya samar da kayan ƙarfe ba tare da injin miliyoyi ba, ba argon, ba garin waje. Ingancin zai dogara da tsabtar alminiyam ɗin da aka narka, don haka ba a yin wannan ga birki ko sitiyari ko duk abin da rai ya rataya a kansa, amma ga murafu da mariƙai da gidajen famfo ya wadatar. Maƙeran farin Agadas da na Tawa, waɗanda ke zubin azurfa ta hanyar narkar da kakin zuma, su ma akwai ruwan roba na musamman da ake bugawa ya ƙone kamar kaki, ko da yake a nan ina da ja, domin darajar kayansu a hannun maƙerin take, kuma mai saye yana biyan wannan hannu ne. Abin lura shi ne, ko wannan hanya da na yaba ba ta tsayuwa sai da tur a ƙarshenta.

Ga ɗan Tawa lissafin ya fi karkata ga sassaƙa fiye da na ɗan Yamai. Arzikin jihar yana kan albasar Galmi da lambunan fadamun Adar da Maggiya, da simintin Malbaza, da manyan motocin da ke bin hanyar Konni da ta Agadas, kuma duk waɗannan injin ban ruwa ne da mota da injin niƙa. Zaren roba ma sai an aiko shi daga Yamai ko Kano. Sannan Adarawa mutanen bida ne tun kaka da kakanni, kuma sana'ar da mutum zai sauka da ita Abijan ko Kano ko Aljeriya ya samu aiki cikin mako ita ce tur da walda. Ƙaramar na'urar bugu a kusurwar shagon mai tur a Tawa tana da amfani, amma shagon da bugu kaɗai yake yi zai sha zaman jiran ciniki.

Waɗanda hukuncin bai hau kansu ba su ne masu tabbacin ci gaba da karatu a waje, a Maroko ko Turkiyya ko Faransa ko Jamus ko Sin, waɗanda kuma suka yarda cewa aikin da za su samu wataƙila a can zai kasance. Su ma shawarata ita ce kada digirin farko ya zama na bugun 3D. Kamfanonin da ke wannan aiki injiniyoyin kanikanci da masana halin ƙarfe suke ɗauka, ƙwarewar bugu kuma a digiri na biyu ko a wurin sitaj ake samunta, don haka wanda ya yi kanikanci ko ilimin ƙarafa yana da wurin komawa idan kasuwar ta juya. A nan gida tushen yana samuwa a EMIG, da lise ta fasaha ta Dan Kassawa a Maradi, da ta koyon sana'a ta Issa Béri a Yamai. Zanen kwamfuta ba ya jiran makaranta: FreeCAD kyauta ce, haka Cura da PrusaSlicer masu yanyanka zane, SolidWorks da CATIA kuwa su ne kamfanoni suka fi tambaya. Turancin Ingilishi wajibi ne ga mai nufin bugun masana'antu, domin ƙa'idoji da littattafan injinan da yawancin binciken da shi ake rubuta su, alhali mai tur yana iya yin nisa da Faransanci da Hausa da Zabarmanci.

Kafin a biya kuɗin kowace cibiyar da ke tallar horo kan bugun 3D, ya kamata ɗalibi ko mahaifinsa ya je da ƙafarsa ya ga na'urorin, ya tambayi irin kayan da suke bugawa, roba ce ko ƙarfe, da yawan sa'o'in da kowane ɗalibi zai yi yana zane da hannunsa maimakon sauko da na wasu. Ya tambaya ko ana koyar da awo da karanta zanen injiniya, ko akwai injin tur ko CNC a wurin, ko kuma wani shago da suke tura ɗalibai sitaj. Ya nemi a nuna masa abu ɗaya da aka buga wanda yanzu haka yake ɗaure a jikin wani inji yana aiki, a faɗa masa inda injin yake da tsawon lokacin da abin ya yi a kai. Ya kuma tambayi inda ɗaliban da suka gama bara suke aiki, ya karɓi lambar biyu ko uku daga cikinsu ya kira su da kansa.